Goggo Ba-zama Ta Ƙirga Mutanen Tudu Biyar

Ƙauyen a kan tudu biyar yake, kowane tudu da 'yan gidajensa a maƙale a jikin dutse. Mutum zai tsaya a ƙofar gidansa ya ƙwala wa ɗan'uwansa kira a tudun da ke kallonsa, su gaisa har su tambayi lafiyar yara, amma in ya ce zai je ya ba shi hannu, sai ya ci awa guda, rabi gangara rabi hawa. Hanyar mota a tudun farko ta ƙare, wajen makaranta. Sauran huɗun sai ƙafa.

Ungozomar ƙauyen kowa Goggo Ba-zama yake ce mata, domin ko gaisuwa ta shigo yi a tsaye take yinta, hannu ɗaya a jikin ƙofa. Ba 'yar nan ba ce. Daga shimfiɗaɗɗiyar ƙasa ta zo tana da shekara ashirin da biyu, ta auri wani mai fasa dutse, kuma ranar da ta fara hawa gidansa sai da ta huta sau huɗu tana tambaya ko mutanen nan awaki ne. Surukarta ce ta koya mata karɓar haihuwa. Mijin ya rasu da wuri, ɗansu guda ya girma ya zama direba a birni, ita kuwa ta yi shekara arba'in tana hawa da sauka da jakarta mai almakashi da zare da sabulu.

Wata safiya hedimasta ya tare ta a hanya da takarda a hannu, fuskarsa ba walwala. Za a rufe makarantar, yara su koma ta gari mai nisan kilomita goma sha biyu. An ce mutanen ƙauyen ɗari uku da goma ne kacal, ba su kai a ajiye musu malamai ba.

"Wa ya ƙirga?" in ji Goggo.

"Ma'aikata, Goggo. Bara waccan."

"Na gan su ai. A inuwar makaranta suka zauna suna shan ruwan gora. Malam, ni kaɗai na yanke cibiya ta fi ɗari biyar a garin nan. Ƙasa ce ta haɗiye su?"

Ba ta iya rubutu ba, don haka ta ɗauki gwangwanin madara da ƙulli biyu, wake na manya, masara ta yara. Duk gidan da ta shiga, kowane rai ƙwaya ɗaya.

Gidan tela ta fara shiga, inda ta karɓi haihuwa bakwai. Ta tarar da tela da matarsa da autarsu.

"Ina sauran?"

"Sun gangara, Goggo," in ji matar. Haka mutanen tudu suke cewa in mutum ya koma birni.

Gida na gaba ma sun gangara. Na gabansa kwaɗo ne a ƙofa, ciyawa ta kai gwiwa a tsakar gida. Kullum tana wuce ƙofofin nan, amma da sauri take wucewa, hankalinta yana kan mai naƙuda, ba ta taɓa lura da yawan kwaɗunan ba. Ranar nan abinci bai shiga cikinta ba. Ta girgiza gwangwanin ta ji ƙararsa ta yi yawa, alamar har yanzu da sauran wuri.

Kwana uku tana wannan aiki. Gwiwarta ta dama ta kumbura, ta ɗaure ta da tsumma ta ci gaba. A tudu na huɗu ta zazzage ƙwayoyin a kan benci a shagon mai shayi, ta ƙirga, ta sake ƙirgawa. Ɗari biyu da arba'in da shida.

Mai shayi ya leƙo ya ce, "Haba Goggo, ki zuba na birni mana. Ba 'yan garin nan ba ne? Wa zai zo ya duba? Ki fara da ɗanki."

Ta ɗauki wake guda ta riƙe. Shekara tara rabon ɗanta da ya kwana uku a jere a ɗakin da aka haife shi, 'ya'yansa ma a asibitin birni aka karɓe su. Ta daɗe tana murza waken a yatsa, sannan ta mayar da shi ƙulli.

"Shi ba ya shan ruwan rijiyar nan," ta ce. "In na yi musu ƙarya, da me na fi masu ruwan gora?"

Tudu na biyar gida huɗu ne a fuskarsa, tsofaffi zalla. Amma a bayansa akwai wani lungu da dutse ya ɓoye, inda wasu manoma da zaizayar ƙasa ta cinye wa gonaki suka zo suka kafa gida tara shekara shida da suka wuce. Ba mai zuwa can sai ita da mai sayen awaki. A nan masara ta yi ta faɗawa cikin gwangwani, gida ɗaya ma yara bakwai.

Ta sauko ta ajiye gwangwanin a teburin hedimasta.

"Ɗari biyu da casa'in da ɗaya. Na je neman ƙari na dawo da ragi. Na kashe maka makaranta, Malam."

Hedimasta ya ware masarar gefe da bakin rula, ya ƙirga, ya ɗago kai. "Casa'in da huɗu. Goggo, takardarsu yara arba'in ta ce."

Bayan mako uku ofishin ilimi ya turo wata jami'a, matashiya mai gilashi. Ta shimfiɗa taswira ta nuna bayan tudu na biyar, ta ce, "Mama, nan babu gida ko ɗaya. Dutse ne."

"To taso, 'yata, mu je ki gaida dutsen."

Jami'ar ta dubi takalminta, ta dubi tudun, ta tashi. Goggo tana gaba tana ɗingishi, duk da haka ita ce mai tsayawa ta jira. Da suka zagaya dutsen yara suka fito suka kewaye su, jami'ar ta zauna a ƙasa tana haki, ta ce a ba ta ruwa da biro.

Ba a rufe makarantar ba, amma ba a bar ta yadda take ba. An bar aji uku na ƙanana da malamai biyu, manyan yara suka koma gari. Mutane suka zo yi wa Goggo barka, ta ce rabin aiki ba abin barka ba ne. Ɗanta ya zo da mota har ƙarshen hanya don ya kai ta birni a duba gwiwar. Ta je, aka ba ta magani, ta kwana goma sha ɗaya ta dawo, wai gidan ɗan nata ba inda mutum zai tsaya ya hango kowa.

Damina ta shigo, sai ga wata matsala. Akwai rafi a gindin tudu na biyar, in ya cika yaran lungu ba sa iya tsallakewa, sai su tsaya a bakinsa da allunansu suna kallon rufin makaranta. Goggo ta tasa kafintan ƙauyen a gaba a kan ya yi gada. Da safe tana ƙofar shagonsa, da yamma ta biyo ta tambaya ko hannunsa ne ya karye. Sai da ya rantse zai bar mata garin, sannan ya tara maza shida suka ɗora katako biyu masu kauri a kan rafin. Ita ta fara takawa. Ta kai tsakiya ta ɗan yi tsalle, ta juyo ta ce masa yana rawa, a ƙaro na uku kafin Litinin.