Ledar da ke bayan amplin Mati

Duk wanda ya taɓa sayen albasa a Marché Gouro ya san Mati, ko bai san sunansa ba: dogon nan mai furfura a haɓa, wanda ba ya bari ka taɓa buhu sai ya gama ba ka tarihin gonar da aka noma ta. Mutumin Madawa ne, a kan motar albasa ya shigo Abidjan yana saurayi, bai kuma sake komawa da zama ba. Ni maƙwabcinsa ne a gidan haya a Adjamé Saint-Michel, ina sayar da wayoyin lantarki da ƙwan fitila, kuma bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da nasa. Saboda haka abin da zan faɗa ba ji na yi a bakin wani ba.

Albasa sana'arsa ce ta safe. Ran Alhamis da Lahadi da yamma kuwa yakan wanke hannu da lemon tsami, ya saka farar shadda, ya rataya gitar bas, ya bi ƙungiyar Faruk mawaƙi wurin biki, inda ake tare titi a kafa rumfa. Idan ka tambaye shi aikinsa, ba ya ambaton albasa ko kaɗan.

Mati yana da hali ɗaya da ya gada a wurin 'yan kasuwar da suka rene shi: ba ya cire leda daga jikin sabon kaya. A wurinsu kaya mai leda sabo ne har abada, wanda aka tuɓe kuwa ya zama kwance, ko jiya aka saye shi. Kujerun ɗakinsa suna cikin ledarsu, idan ka zauna da zafi sai ka tashi da ƙara. Rimot ɗin talabijin yana cikin tasa. Matarsa Ruƙayya takan ce Allah ne ya taimake ta ba a cikin kwali aka kawo ta ba.

To, shekara goma sha ɗaya da suka wuce, Alhaji Mijinyawa, wani Bakano mai shigo da kaya, ya sako masa amplin bas, wato akwatin ƙara sautin gita, a kwantena. Ranar da ya iso Mati bai ci abinci ba don murna. Ya ɗauki reza ya buɗe gaba, inda lasifika da maɓallan murɗawa suke, amma ta baya ya bar shi naɗe da ledar kamfani, ya ƙara masa salatif hawa uku. Ƙofa biyu kawai ya huda: ɗaya ta wayar wuta, ɗaya ta ramin da ake soka wayar da ke kai sauti kai tsaye zuwa teburin mai sono, wato mai kula da na'urar sautin biki. Amplin yakan yi zafi kamar tanderun burodi, shi kuwa sai ya tsuguna yana yi masa fifita tsakanin waƙa da waƙa.

Matsalar ita ce ba a jin sa. A wurin biki manyan lasifikun da ke fuskantar jama'a su ne komai, kuma abin da ya iso teburin mai sono kaɗai suke fitarwa. Abin da ke isowa daga amplin Mati kuwa ɗan siririn abu ne, da ƙyar fitilar tebur take ƙyaftawa. Idan mai sono ya ƙara masa ƙarfi, sai wani shuuu ya cika rumfa kamar ana suyar ayabar aloko, dole ya mayar da shi ƙasa. Mati sai ya fusata ya murɗe maɓallin gaba har ƙarshe. Sakamakon haka, Saminu mai ganga da ke zaune kusa da shi ya daina ji da kunnen hagu, mutanen rumfa kuwa suna dai ganin wani dogo yana motsa yatsu yana lumshe ido.

Ba irin maganin da bai nema ba. Ya ce waya ce, ya yi ta sayen sababbi a wurina, ni kuma ban taɓa hana shi ba, Allah ya yafe mini. Ya ce masu sono ne ke yi masa hassada, har ya daina gaisawa da biyu daga cikinsu. Akwai lokacin da ya turara gitar da hayaƙi kwana bakwai. Ko sau ɗaya bai yarda wani ya juya amplin ya duba bayansa ba.

Ruƙayya ba ta da mugun nufi, amma bakinta ba ya da birki. Ta je bukukuwa da yawa da ya yi wasa, kullum ta dawo takan ce, “Malam, ka yi kyau cikin shaddar nan.” Shi kuma ya san abin da ba ta faɗa ba, kuma yana yi masa ciwo ƙwarai. Ni da nake jin atisayensa ta bango na san mutumin ya iya. Amma wa zai yarda da shaidar mai sayar masa da waya?

Wata Alhamis, bayan sun tashi daga wani biki a unguwar 220 Logements, Faruk ya ja shi gefe. Ya yi ta kewaye-kewaye, ya yabi haƙurinsa, ya yabi shaddarsa, sannan ya sauka: mai piyano ya ce zai iya yin bas da hannun hagu, kuma nasa ana ji.

“Ran Lahadi muna Treichville, Mati. Idan an ji ka, shi ke nan. Idan ba a ji ba, ka yi haƙuri, mota ma ta huta da ɗaukar akwatin nan.”

Mati ya dawo gida bai ce wa kowa komai ba. Kwana biyu ban ji atisaye ta bango ba, abin ya dame ni, na matsa masa ya faɗa mini. Ran Lahadi na rufe shago na bi shi, da sabuwar waya a aljihu don rage zunubi.

Mun ƙetare gada mun isa bayan azahar. An tare layi, an jera kujeru, mata sun fara shigowa da anko. Mai sonon ranar mace ce, Zuhura, haifaffiyar Treichville, iyayenta mutanen Damagaram. Faransancinta ya fi Hausarta gudu nesa ba kusa ba. Ta gwada makirufo, ta gwada ganga, ta zo kan bas. Mati ya kaɗa. Ta dubi teburinta, ta dube shi.

“Tonton, ka fara?” in ji ta, wato kawu.

“Tun ɗazu nike bugawa, ɗiyata.”

Ya kai hannu zai murɗa maɓallin gaba, ta ɗaga masa hannu.

“Non, non, bar wannan. Wannan naka ne kai kaɗai, ba ya zuwa wurina. Sortie directe, mai kawo mini sauti, tana da buton nata a baya.”

Ta taso ta zagaya bayan amplin, ta tsaya turus. Ta shafa ledar da yatsa, ta laluba kusa da ramin wayar har ta ji wani ɗan tudu.

“Ga shi nan. Tonton, il faut a cire leda.”

“Mi? A cire mi?”

“Ledar. Buton yana ƙarƙashi.”

“Ɗiyata, wanga ampli sabo ne.”

“Yaushe ka saye shi?”

“Shekara goma sha ɗaya.”

Zuhura ta dube ni, ni kuma na dubi ƙasa. Ta ce, “Yako,” kamar mai yi wa mutum jaje, ta koma teburinta. Ta ce ita ba ta taɓa kayan mutane da reza, idan ya shirya ya kira ta.

Na ga Mati ya tsaya tsakanin abu biyu, kuma wallahi ban san wanda zai zaɓa ba. Faruk yana can yana gyara hula yana satar kallonsa. Mai piyano, ɗan banza, har ya fara motsa hannun hagu. Ruƙayya ta iso da ƙawayenta sun zauna a layi na biyar, inda sautinsa bai taɓa kaiwa ba. Mati ya dubi inda suke zaune. Sannan ya zaro wuƙar da yake farke buhun albasa, ya yi bisimilla, ya tsaga.

Wani wari ya buso. Damshin Abidjan na shekara goma sha ɗaya yana kwance a ciki. Fentin ya kumbura ya ɓare, kusoshi sun yi tsatsa, kyankyasai uku suka fito a guje, wasu kuma sun riga mu gidan gaskiya tuntuni. Sabon amplin Mati ya fi na kowa tsufa a Treichville. A tsakiyar wannan ɓarna ga ɗan buton baƙi, yana nuna ƙasa, daidai inda ma'aikacin kamfani ya bar shi.

Mati ya tsuguna. Ya kama shi, buton ya ƙi motsi, ya sa gefen riga ya murɗa da ƙarfi har ya kai tsakiya. Zuhura ta ce ya rage na gaba. Saminu mai ganga ya ɗaga hannu sama ya yi hamdala.

“Vas-y, Tonton,” in ji Zuhura.

Ya taɓa igiya ɗaya. Sautin ya fito daga manyan lasifiku, mai kauri, ba shuuu ko kaɗan, ya bi ta ƙarƙashin kujeru har ƙarshen layi. Mai sayar da ruwan sanyi ta waiwayo. Mati kansa ya ja da baya a tsorace, ya duba ko wani ne ya buga. Da aka fara waƙa yana taɓawa a hankali, sai a ta biyu ya saki hannu, daga nan kuwa ya yi abin da nake ji ta bango shekara da shekaru. Mata suka cika fili. Na ga Ruƙayya ta miƙe tsaye, ba rawa take ba, ta dafe ƙirji tana kallonsa kawai. Ni dai idona ya cika, ba zan ɓoye ba.

Kafin magariba aka tashi. Faruk ya wuce ta gabansa yana cewa, “Alhamis ƙarfe uku, kada ka makara,” kamar ba a taɓa wata magana ba.

Muna naɗe waya sai ga uwar amarya, Hajiya Hasana, wadda Mati ya yi wasa a bikin 'ya'yanta uku kafin wannan. Ta tsaya a gabansa tana fara'a.

“Sannu da ƙoƙari, bawan Allah. Gara da Faruk ya samo mai bas. Yaushe ka shiga ƙungiyar?”

Mati yana riƙe da yagaggiyar ledar, ya ninke ta gida huɗu bai ma sani ba. Ya dubi ledar, ya dubi Hajiya.

“Yau, Hajiya,” in ji shi.