Baba Arzika da Labarin da Ya Raba Labbo da Ubansa

Damina arba'in ke nan ta sauka a kan kabarin Baba Arzika na Kalgo. Waɗanda suka san shi sun ƙare, sai mu 'yan tsiraru, mu ma haƙora sun zube. Ba jini muka haɗa ba, maƙwabcin mahaifina ne, amma a hannunsa na koyi sana'ar da na ci abinci da ita har tsufa. An ce waiwaye adon tafiya. Nawa waiwayen akwai ƙaya a cikinsa, shi ya sa na ce bari in faɗa wa masu karatu tun ina da bakin faɗa.

Mutane na ce masa ɗan kama, amma ya bambanta da sauran 'yan kama. Ba ya rataya ganga, ba ya waƙar tuwo. Ranar kasuwa zai tsaya shi kaɗai da ɗan mayafi a kafaɗa, ya ba da labarin kansa: yadda mahara suka ɗauke shi yana yaro a bakin rijiya, yadda aka yi ta sayar da shi hannu zuwa hannu, har Nasara suka zo aka ce kowa ɗa ne. In ya yafa mayafin a ka, uwarsa ce ke ƙwala masa kira. In ya naɗa shi, dillalin bayi ne ke duba haƙoransa. Sai ka yi dariya har cikinka ya ƙulle, ka juya ka ga na kusa da kai yana share ido.

Na je wurinsa da aurena har da ɗa, ina son ya koya mini kwaikwayon tafintan Bature, don shi ke kawo kyauta a lokacin. Ya dube ni ya ce, "Wanda bai iya muryar uwatai ba, ina shi ina ta tafinta? Tahi ka zo min da abin da ya same ka." Haka yake yi wa kowa. Da rani mukan taru gindin tsamiyar bayan gidansa in an sauko daga azahar. Ka fara labari a zaune, sai ya ce ka miƙe. In ka ce, "Sai ta yi kuka," ya katse ka: "Kada ka gaya min. Zama ita."

A cikinmu akwai Labbo, Bafillace daga wata ruga a wajen Gwandu, dogo, marar yawan magana. Ciwo ya kashe musu shanu, ya shigo gari neman abin yi. Ya daɗe yana kawo labaran kura da na kiwo, Baba yana girgiza kai. Wata rana dai ya buɗe cikinsa. A shekarar yunwa, da hatsi ya ƙare, ubansa ya ba wani falke ƙanwarsa Hajo a bakin gero. Labbo aka sa ya kai ta. Ya ɗora ta a wuya ya ce mata biki za su, tana ta waƙa tana jan gashinsa har ƙofar masaukin mutumin. Tun daga ranar ba a sake ambaton sunanta a rugarsu ba.

Da ya gama, Baba ya ce, "Wanga shi ne naka." Duk ranin nan suna gyara shi. Da idona na ga Labbo ya sake: ya fara sa hannu a akushi ɗaya da mu, har dariyarsa muka ji. Muka ce ya samu magani.

A kasuwar Gwandu ya yi wasan, bayan la'asar. Ya zama uban da ya kasa ɗaga kai, ya zama yaron, ya zama yarinyar da ke waƙa a wuyansa. Masu awo suka ajiye mudu. Ba wanda ya yi dariya, don da yawa a wurin sun san abin da yunwar nan ta sa aka yi a gidajensu. Abin da ba mu sani ba, uban Labbo ya shigo kasuwa ran nan sayar da igiya. Yana tsaye bayan taro, ya ji muryarsa tana fita daga bakin ɗansa. Da aka watse ya matso, bai ko ɗaga murya ba. Ya ce, "Yunwa ta bar min mutuncina, kai ka kawo shi kasuwa." Kafin kasuwa ta zagayo ya tashi da iyalinsa ya yi yamma. Ba su sake ganawa ba har tsohon ya rasu.

A taron nan kuma wata mai daddawa ta ce ta san yarinyar, tana aure a Diggi. Ni na raka Labbo. Muka tarar da mace da goyo, Fillanci ya ɓace mata sarai, labarin kuwa ya riga mu isa. Ta kawo mana ruwa, ta saurare shi har ya gama. Ta ce, "Na tuna ka. Kai ka ce biki za mu." Ya roƙi gafara, ta ce ta yafe. Sannan ta ce, "Amma yanzu ko rijiya na tahi, nuna ni ake yi, ana cewa ga wadda aka saya da gero. Ka bar ni inda ka aje ni." Labbo bai ƙara tsayawa gaban taro ba. Ya koma dako a Kalgo, in ya hango Baba ya gaishe shi daga nesa ya wuce.

Magana zarar bunu ce. Baba ya ci gaba da wasansa, amma tsamiyar nan ba ta sake ganin taro irin na da ba. Da ciwon ajali ya kwantar da shi, na tambaye shi ko mun yi daidai. Ya ce, "Na san ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Amma ni da na bar nawa a ciki, da ya kashe ni, sai na zaci kowa haka yake. Mutanen labarina duk sun ɓace. Na manta na Labbo suna da rai."

Yau wasan kwaikwayo ya shiga makaranta, ya shiga akwatin rediyo. 'Yan makaranta na haddace abin da wani ya rubuta musu a takarda, su hau dandali su zuba, a tafa, kowa ya koma gida lafiya. Nakan tambayi kaina me Baba zai ce. Na san zai girgiza kai ya ce ba su taɓa ko fatar abin ba. Amma ina jin zai ɗan yi shiru kuma, don a cikin wasannin nan ba a raba ɗa da uba.

Baba bai mutu ya bar gida ba, bai bar waƙar da za a rera ba. Abin da ya bari shi ne ya nuna wa talaka cewa abin da ya same shi ya isa a tsaya a saurara, ya kuma nuna mana, a makare, cewa ba wanda labarinsa nasa ne shi kaɗai. Duka biyun nake riƙe da su, kuma har yau sun ƙi zama wuri ɗaya a zuciyata.

Bara wani saurayi ya zo daga Gwandu in koya masa wasa. Na sa shi ya kawo nasa, ya kawo: yadda ubansa ya kori uwarsu da tsohon ciki. Yana da murya, yana da jiki, irin wanda Baba zai yi murna da shi. Na tambaye shi ko uban nasa na da rai, ya ce yana nan. Na ce ya je ya fara yi masa wasan, su biyu, a cikin ɗaki, sannan ya dawo mu yi maganar kasuwa. Bai dawo ba tukuna. Kullum ina duba hanya, kuma wallahi ban san wanne nake roƙon Allah ba: ya dawo, ko kada ya dawo.