Shidan da Na Saki

Har yanzu idan na ji ƙarar ana cakuɗa karta sai in tuna wata la'asar ta damina a gidanmu na Daura, shekarar da aka ƙaddamar da Shari'a.

Kakarmu ce ta koya mana wasan. Ana raba karta duka, mai bakwai ya fara ajiyewa. Daga nan kowane gida, wato karta masu zane iri ɗaya, a bi shi a jere, takwas ta sama, shida ta ƙasa, wanda ba shi da ta bi ya ce a wuce. Wanda hannunsa ya fara ƙarewa shi ya ci. Dabarar kuwa riƙo ce: in kana da shida ko takwas ka danne, duk mai ƙananan ko manyan gidan ya tsaya cak. Ko ƙwayar gyaɗa ba ma sawa.

Ranar muna kan tabarma a rumfarta, ƙasa na ƙamshin ruwan da ya ɗauke, sai ga Baffa, ƙanen babanmu, cikin kayan hisba. Abokan aikinsa biyu na zaure. An kai ƙara wai ana caca a gidan, kuma shi aka turo.

Yayata ta tura kartarta ƙarƙashin zane. Kaka ko motsi ba ta yi ba.

"Inna, ki ba ni su," in ji shi, idonsa a ƙasa.

"Tsaya ka gani tukuna. In ka ga caca, ka ƙona su, ka tafi da ni."

Ta ce a ci gaba. Layi ya zo kaina, na saki shidan da na daɗe ina dannewa. Nan take Kaka ta zubar da biyar, ta kama hanyar cinye wasan.

"Ai ba a sakin shida da wuri," Baffa ya faɗa a hankali, kamar bakinsa ne ya kuɓuce. Ashe shi ma a tabarmar nan ya koya.

Ya fita zaure, muka ji yana cewa babu komai, wasan tsohuwa ne da jikokinta. Amma sai da ya yi wata bai ci tuwon ɗakinta ba, ita kuma ba ta sake raba karta a tsakar gida ba.

Yanzu 'ya'yana a waya suke wasa, kowa da tasa. Baffa ya tsufa, ya bar aikin. Da na ziyarce shi bara, ya tambaye ni ko na san inda Kaka ta ɓoye kartar. Na ce ban sani ba.