Na Zaci Saye Ne, Ashe Haya Ce

A shekarun da zan ba ku labari, ni 'yar unguwar Kwaciri ce mai rawar kai da saurin baki, na gama difloma ina zaune a gida ina jiran aikin da ya ƙi zuwa. Edita, ina gaishe ki da masu karatu, kuma don Allah a sakaya sunana, domin ba ni kaɗai abin ya shafa ba. Ni ce autar Inna, ni ce kuma sarkin latse-latsen gidan. Wayar kowa ta rikice ni ake kira, ni kuwa kaina ya yi ta girma har nake jin babu abin da ban sani ba a intanet. Iyayen Inna daga Barno suka zo Kano tun kafin a haife ta, ba su bar mata komai ba sai sana'ar turaren wuta da humra. Ba ta da shago, ba ta da allon talla. Abin da take da shi lakabi ne da matan unguwa suka sa mata tun tana amarya, ya bi ta har ya danne sunanta na yanka. Daga Fagge har Rijiyar Lemo, uwar da za ta kai 'yarta ɗaki da wannan lakabin take neman turare, kuma in an ce na wance ne, to magana ta ƙare, an san babu algus. Ba zan rubuta lakabin a nan ba, in kun karanta za ku gane dalili.

Wata ƙawata ce aka sace wa shafinta na sada zumunta da duk mabiyanta, sai na shiga bincike, na ga ana cewa mai hankali shafinsa na kansa yake buɗewa, wanda babu mai rufe masa. Shi ke nan, abin ya shiga raina. Na dami Inna safe da yamma cewa zan buɗe mata bulog da lakabinta, in riƙa rubuta yadda take aikinta, duniya ta san ta. Ta ce ita ba ta son a kai sunanta inda ba ta iya leƙawa. Na yi mata dariya, wallahi har da tafa hannu, na ce Inna ke dai kin tsaya a zamanin da. Da ta gaji da nacina ta ce in je in yi, amma in kula, don sunan nan shi kaɗai gare ta.

A Sabon Gari akwai wata mata mai shagon kwamfuta, Ibo ce amma a nan aka haife ta, in tana zolaya da Hausa sai ka rantse 'yar cikin gari ce. Madam nake ce mata, ita kuma ta ce mini ƙawata. Ta zaunar da ni ta yi mini bayani cewa abu biyu ake buƙata: adireshi, wato sunan da mutane za su rubuta su same ni, da kuma ma'ajiya inda rubutu da hotuna za su zauna. Ta ce bari mu duba ko wani bai riga mu ba, in babu sai mu sayi sunan. Ta duba, lakabin Inna na nan babu mai shi. Na biya nan take. To ni cikin 'yan kasuwar Fagge na tashi, a wurinmu ciniki ba ya faɗawa sai mai saye ya ce ya saya, mai kaya ya ce ya sallama. Sai na ce wa Madam ba inda za ni sai ta sallama mini. Ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ai ba kayanta ba ne, amma tunda na nace, to ta sallama, Allah ya sa albarka. Kalmar nan ce ta zauna mini a kai daram. Ta ci gaba da wani bayani na abin da ake sabuntawa duk shekara, ni kuwa hankalina na kan ɗaukar hoton fuskar kwamfutar in tura wa yayyena su ga aikin auta. Na dai gyaɗa kai. Ta tambayi imel ɗina, na ce na manta kalmar sirrinsa tun na makaranta, sai ta buɗe mini sabo da lambar wani layi da nake sa wa data don ya fi araha. Ta ce in ɗora shi a wayata, na ce in na je gida.

Gaskiya shafin ya yi kyau, ba yabon kai ba. Inna na zaune gaban tukunya tana juya itacen turare, tana faɗa ina rubutawa: yadda ake jiƙa itace, yadda ake gane humrar da aka yi wa ƙari, dalilin da ya sa ba a cika wa kasko garwashi. In na tambayi sirrin haɗin sai ta harare ni ta ce wannan ba na 'yan waya ba ne. Mata suka fara kira daga garuruwan da ba mu taɓa zuwa ba. Daɗi ya kwashe ni, na je na bugo sitika mai ɗauke da lakabin da adireshin shafin a ƙasa, na bi kowace kwalba na manna. Inna ba ta yi boko ba, amma yau da gobe tana ganin sitikar nan har ta gane yadda ake rubuta lakabinta, ita ce kalma ɗaya tak da take iya karantawa. In baƙi sun zo sai ta ce auta ta nuna musu gidanta na cikin waya. Kwalaben nan suka shiga kayan ɗakin amare ba adadi, kuma kun san mata ba sa yar da kwalbar humra, a gaban madubi ake jera ta ko ta ƙare.

Daga nan na yi aure, ciki ya zo mini da laulayi mai tsanani, ko hasken waya ba na son gani. Rubutu ya tsaya, amma ciniki bai tsaya ba tunda masu saye sun riƙe lambar Inna. Layin datan nan kuwa tuni na jefar da shi na koma wani. Wata mai saye ta ce mini shafin ba ya buɗuwa, na ce mata matsalar sabis ce. Bayan wani lokaci yayata ma ta faɗa, na taso mata da faɗa, na ce abin da na saya aka sallama mini ƙafa gare shi da zai tafi? Ban duba ba. Ko sau ɗaya ban duba ba, kuma wannan ne ke cin raina har yau. Na haihu lafiya, aka dawo da ni gida wanka.

Ina cikin jegon ne, wata rana bayan la'asar, wata dattijuwar Hajiya daga Rijiyar Lemo ta yi sallama. Tsohuwar mai sayen Inna ce, duk 'ya'yanta da turaren Inna aka kai su. Aka kawo ruwa ta ƙi sha, ta ja Inna ɗaki, ni kuwa ina jiyo su ta labule. Ta fito da kwalbarmu daga jaka. Ta ce ɗanta ya so ya ƙaro wa matarsa humra, ya rubuta adireshin da ke jikin kwalbar, abin da ya fito masa ba ya faɗuwa: hotunan mata tsirara da tallan caca, ga lakabin Inna ɓaro-ɓaro a sama. Ya hana matarsa turaren, har yana cewa a bincika irin gidan da ake sayen kaya. Hajiya ta ce ita ta tako ne don ta san Inna, amma wasu ba za su zo ba, a bayan ido za su yi maganarsu. Inna ta kira ni da wata murya da ban san ta da ita ba, ta ce in buɗe. Na zo da jaririyata a kafaɗa, har na shirya abin da zan gaya wa Hajiya, cewa ɗanta ne bai iya rubutu ba. Na rubuta, ya buɗe. Innalillahi! Na yi wuf zan kife wayar, Inna ta riƙe hannuna. Ba ta kalli hotunan ba, sama ta kalla, inda kalmar da ta iya karantawa take. Ta daɗe tana kallo, sannan ta saki hannuna ta ce a raka Hajiya.

Washegari ban tsaya neman izinin kowa ba, jego ko ba jego ba, na bar jaririyar wurin yayata na tari Adaidaita sai Sabon Gari. Tun daga bakin ƙofa na fara. Na ce wa Madam ta ci amanata, ta sayar mini da kaya ta zagaya ta sayar wa wasu, na faɗi maganganun da har yanzu in na tuna sai in ji kunya ta rufe ni. Maƙwabtan shago suka fara taruwa. Ta bar ni na gama, ta jawo kujera ta ce in zauna tunda ɗanyen jiki gare ni. Ta ce ƙawata, babu wanda yake sayen adireshi ya zama nasa har abada, ko gwamna ne. Kalmar saye kawai ake faɗa, amma haya ce, shekara na cika ake sabuntawa. Ta ce kamfanin ba ya saki sai ya yi ta aiko da gargaɗi ta imel, ita ma da lokaci ya matso ta kira layin da na ba ta, wani namiji ya ɗauka ya ce bai san ni ba. In ba a biya ba ana ɗan jira, daga nan a mayar da sunan kasuwa, kuma akwai mutanen da aikinsu kenan, fakon sunan da jama'a suka saba shiga su cafke. Na ce mata cikin kuka, amma ai kin ce kin sallama. Ta dafe kai da hannu biyu, ta ce ta zaci wasa muke yi. Ma'ajiyar ma wa'adinta ya wuce, duk abin da Inna ta faɗa na rubuta an share, ba ni da kwafinsa a ko'ina. Baiwar Allah nan, duk da abin da na yi mata, ta zauna ta rubuta wa kamfanin, suka ce sunan ya zama na wanda ya biya. Ta rubuta wa waɗanda suka karɓe, ko kallo ba mu samu ba.

Sai na sake wani gangancin. Na bi guruf-guruf na mata a waya ina sanarwa cewa kada kowa ya shiga adireshin. Kai, ashe talla na yi musu! Wadda ba ta sani ba ma ta je ta gano wa idonta. Wasu sun jajanta mana, Allah ya saka musu. Wasu kuwa da suka ba da aikin biki sai suka riƙa kira suna cewa an samu a wani wuri. A wani taron suna wata tsohuwa ta ƙwala wa Inna kira da lakabin, na ga 'yan mata suna rufe baki da mayafi suna ƙyafta wa juna ido. Inna ma ta gani. Ba ta taɓa yi mini faɗa ba, kuma wallahi da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Wata safiya na fito na tarar da ita a tsakar gida da baho cike da ruwan ɗumi, ta jiƙa kwalabe tana kankare sitikar da farcenta ɗaya bayan ɗaya. Na durƙusa zan kama mata, ta ce in je in ba yarinya nono. A ranar ta gaya wa yayyena da maƙwabta cewa daga yau a riƙa ce mata Hajiya kawai.

'Yan uwa masu sha'awar buɗe shafin kansu, ban ce kada ku yi ba, abu ne mai kyau, amma ku ji daga bakin wadda ta ƙone. In an ce muku an saya, ku tambaya zuwa yaushe, ku sa ranar a inda za ku gan ta. Ku ba da imel ɗin da kuke buɗewa da layin da kuka san ba za ku yar ba, ku ajiye kwafin rubutunku a wani wurin daban. In wani ya ce shafinku ba ya buɗuwa, ku bar abin da kuke yi ku duba, kada ku ɗora wa sabis. Abin da ya fi duka, ku yi tunani sosai kafin ku ɗauki sunan mutum mai mutunci ku sa a adireshi, balle ku buga shi a jikin abin da zai shiga gidajen mutane, don shafi ana rufe shi, kwalbar da ke ɗakin wata kuwa ba ku da iko da ita. Na koma na ba Madam haƙuri ta yafe mini, har ta ce za ta gina mana sabo da wani suna, Inna ta ce a gode mata. Duk shekara ina leƙawa ko mutanen nan za su manta su saki sunan, amma su ba sa manta ranar biya.

Inna na nan tana turarenta, kwalabenta na fita babu rubutu. Kwanan baya ina gidan wata mata ta zo daga nesa, ba ta san abin da ya faru ba, ta tsaya a zaure tana tambaya ko nan ne gidan wance, ta kira lakabin da murnarta. Na buɗe baki zan ce nan ne, sai Inna ta riga ni daga tsakar gida. Ta ce babu mai wannan sunan a gidan nan, amma in turare ake so a shigo.