Kawu Mai Ƙota, Mai Auna Hannu Kafin Sanda

Kafin masu yankan ciyawa su tayar da injinansu, Kawu ya riga ya buɗe ɗakinsa. Ɗan ɗaki ne a bayan ginin kulob ɗin golf, tsakanin ma'ajiyar taki da wurin wankin motoci. Taga ɗaya gare shi, ita ma sai an tokare ta take tsayawa. Yana shiga zai ɗora ruwan shayi, ya zura rigar aikinsa mai tabon gam, sannan ya bi sandunan da ya haɗa jiya ɗaya bayan ɗaya, yana murɗa kan kowace ya ji ko gam ya kama. Wadda ta gamshe shi sai ya jingine ta gefe. Wadda ba ta gamshe shi ba sai ya yi mata tsaki kamar yaron da ya ƙi wanka, ya mayar da ita kan benci.

A ƙarshen watan nan Kawu zai ajiye aiki. Hotonsa ba ya cikin waɗanda aka jera a zauren kulob, amma da wuya a nuna mutum guda a bangon nan wanda sandarsa ba ta taɓa kwana a ɗakin Kawu ba.

Ga wanda bai san wasan ba, sandar golf kashi uku ce. Akwai kai, wato ƙarfen da ke dukan ƙwallo, akwai mariƙin roba a sama, sai doguwar ƙota da ta haɗa su. Ƙotar iri biyu ce. Ta ƙarfe tana da sheƙi da nauyi, ba ta cika lanƙwasa ba, shi ya sa mai ƙarfin hannu ke jin daɗin saita ƙwallo da ita. Ta girafait kuwa baƙa ce, ba nauyi, tana shanye girgizar bugu kafin ta hau hannu. A ɗakin Kawu fara da baƙa ake ce musu, kuma tambayar da aka fi kawo masa ke nan: fara ko baƙa?

Bai taɓa amsa ta daga zaune ba. Zai ba ka hannu ku gaisa, ya riƙe naka ya ƙi saki, yana tambayar gida da yara, alhali yatsunka yake karantawa. Zai tambaye ka aikin da kake yi, da kafaɗar da ke tashinka daga barci. Daga nan ya ja ka gaban ragar gwajin bugu da ke bayan ɗaki, ya miƙo maka fara, ya miƙo maka baƙa, ya koma gefe da kofin shayinsa. Bugun farko ba ya dame shi, don ya san a lokacin kowa ƙoƙarin burge shi yake yi. Sai gumi ya fara tsattsafo maka, hannu ya fara gajiya, sannan yake ajiye kofi ya zuba ido.

Haka ya yi da mai gidan burodin nan, ƙaton mutum, da ya zo neman baƙa don ya ji ana yabonta. Kawu ya ga yadda ƙwallayensa ke watsewa hagu da dama, ya ce masa hannun da ya girma a kwaɓin fulawa ƙarfe yake so, ya mayar da shi kan fara. Haka kuma ya yi da wani tsohon direba mai ciwon gwiwar hannu, wanda ya rantse ba zai riƙe baƙa ba don sandar tsofaffi ce. Kawu ya ce masa ai ƙwallo ba ta tambayar shekaru, ya ba shi aron guda ya gwada. Direban bai dawo da ita ba sai da ya kawo sauran nasa a canza musu.

Amma labarin da ma'aikatan filin suka fi bayarwa shi ne na Malama.

Malama tsohuwar shugabar makarantar 'yan mata ce. Mijinta mai kantin magani ne, ya daɗe yana wasa a filin kafin Allah ya yi masa rasuwa. Ita ba ta taɓa riƙe sanda ba, abin da ta sani game da golf shi ne yana ɗauke mata miji duk Asabar. Bayan rasuwarsa ta shige ɗaki, ta daina fita, ta daina amsa waya, jininta ya hau. Likita ya ce lallai ta riƙa tafiya a ƙasa. Babban ɗanta ya yi lallashi har ya gaji, sai rannan ta ce ta yarda za ta fita, amma filin babansu za a kai ta, kuma da jakar sandunansa.

Sandunan nan duk farare ne, an yi su don namiji mai ƙarfi. Ba a daɗe ba wuyan hannunta ya kumbura, har ɗaga buta ya gagare ta. Mai koya mata wasan ya ce ta ajiye su. Ɗanta ya sayo mata sababbi marasa nauyi, ta yi godiya, ta tura kwalin ƙarƙashin gado ko buɗewa ba ta yi ba. Ta ce in ba da nasa ba, to ta haƙura da wasan.

Ɗan ya zo ya sami Kawu, ya tsaya a bakin ƙofa yana juya makullin mota a hannu. Ya ce, "Kawu, ka taimaka ka yi mata magana. In ta daina zuwa nan, ɗaki za ta koma, kuma ban san wanda zai sake fito da ita ba."

Kawu ya san sandunan, domin shi ya haɗa su da hannunsa tun marigayin yana da baƙin gashi. Da Malama ta zo, ya ba ta kujerarsa guda ɗaya, ya zuba mata shayi, bai ce uffan ba game da fara ko baƙa. Ya roƙe ta ta riƙe masa sanda mai lamba bakwai, wadda marigayin ya fi so. Nan ya ga abin da mai koyarwa da ɗanta ba su lura da shi ba. Ko kallon ƙotar ba ta yi. Babban yatsanta ne ya lalubi wani ɗan lotsi a jikin robar mariƙi, inda yatsan mijinta ya cinye a tsawon shekaru, ya zauna a ciki.

Ya ce, "Malama, in na bar miki inda yake riƙewa da inda yake bugawa, na canza abin da ke tsakani kawai, za ki yarda?"

Ta dube shi ta saman tabarau, irin kallon da ɗalibanta ba su manta ba, ta tambaya ko hakan na yiwuwa. Ya gaya mata gaskiya. Tsohon mariƙi yanke shi ake yi a yar, ba a saba cire shi da rai ba, kuma robar ta tsufa, tana iya yagewa a hannunsa. In ta yage, ba shi da yadda zai yi ya dawo da ita. Malama ta miƙa masa lamba bakwai ɗin, ta ce ya fara da ita, in za a yi asara a yi ta gaba ɗaya.

Wanda ya leƙa taga a ranar ya ga Kawu yana aiki kamar mai cire ƙaya a ƙafar jariri. Ya tsira siririyar allura ƙarƙashin robar, yana ɗura ruwan da ke narkar da gam kaɗan kaɗan, yana murzawa, yana jira, yana sake murzawa. Shayinsa ya huce, bai sani ba. Da mariƙin ya zame ya fito lafiya, sai da ya zauna ya goge goshi. Sauran aikin sananne ne a wurinsa. Ya gasa wuyan kan sandar har tsohon gam ya saki, ya zare farar ƙota, ya yanke baƙa daidai tsayin Malama, ya liƙa ɗan dalma a bayan kan don kada sandar ta yi mata sakayau a hannu, sannan ya mayar da mariƙin, lotsin yana daidai inda yatsanta zai same shi.

Da gam ya kama, ya kai ta filin gwaji da safe. Bugun farko ta tono ƙasa. Na biyu ƙwallo ta gangara kamar mai jin kunya. Can sai aka ji ƙarar nan mai daɗi, ƙwallo ta tashi sama ta yi nisa, ta sauka a kan ciyawa. Malama ta tsaya tana kallon inda ta faɗi, ta girgiza hannu ta ji ba zafi.

Ta ce, "Ashe wannan ne ya raba ni da mijina duk Asabar. To, na yafe masa."

Ta yi dariya, hawaye na zuba, Kawu kuwa ya sunkuya yana gyara igiyar takalmin da ba ta kwance ba.

Ba duka mariƙan aka tsira da su ba. Mariƙin lamba biyar ya yage tun kafin a kai rabi. Kawu bai jira ta gano ba, ya kai mata shi a tafin hannu ya ba ta haƙuri. Ta ce kada ya damu, marigayin ma kullum yana dawowa gida yana zagin lamba biyar. Gajeriyar sandar da ake tura ƙwallo cikin rami da ita kuma ya bar mata ita da farar ƙotarta, ya ce a nan nauyin taimakonta zai yi. Yanzu Malama na cikin masu riga kowa zuwa fili, ita da ƙawayenta biyu da ta janyo, kuma sababbin sandunan ƙarƙashin gado sun koma hannun surukarta.

Kawu, kai ne ka duba yatsan mace mai makoki ka gane abin da bakinta ya kasa faɗa. Kai ne ba ka taɓa cusa wa mutum abin da ke kan kantarka don ka rabu da shi ba. Mai haƙurin benci, mai sanyin hannu. Ka ɗauki ciwon gwiwar direba da muhimmancin da ka ba kofin zakara, kuma duk wanda ya shigo ɗakinka da fargabar tsufa ya kore shi daga wasa, ya fita da shirin dawowa gobe.

Yanzu hannun Kawu ya fara rawa, shi ya sa zai huta. Ɗakin ba zai rufe ba, autarsa ce za ta karɓa. Ta yi karatun injiniya, ta zo da wata na'ura mai auna saurin bugu, kuma Kawu bai yi mata gardama ba. Ya ce na'urar tana da ido, saura ta koyi gaisuwa. A makon jiya autar ta ja shi gaban raga, ta ce tunda zai samu lokacin wasa, dole a auna shi. Ya ce shi fara zai riƙe, ai bai tsufa ba. Ta bar shi ya buga har ya fara haki, sannan ta miƙa masa baƙa.

Ta ce, "Baba, gwada wannan, ba don ni ba."

Ya buga, ya bi ƙwallo da kallo, ya yi gyaran murya, ya ce ta rage masa tsayinta kaɗan.

Mun gode, Kawu. Allah ya ba ka lafiyar taka ciyawar da ka daɗe kana hange ta taga. Ku kuma da mutane ke zuwa wurinku da tambaya, ko a kanti kuke, ko a asibiti, ko a gareji, ku yi koyi da shi. Kada ku yi saurin miƙa amsa. Ku ba mutum kujera, ku dube shi da kyau, ku ji abin da ya kawo shi tukuna.