Shayin da na tsallaka Kusseri na sha

Shekarun baya, ana saura wata guda azumi, likita ya ce ba zai bar ni in ɗauka ba sai ya ga tafiyar sukarina ta mako biyu. Ni kuwa tun da na balaga ban taɓa shan azumi ba. 'Yata ta kawo wani ɗan farin abu kamar maɓalli ta manna mini a dantse. Yana auna sukari ba hutu, ya faɗa wa wayata, wayata kuma ta kai gulma wayarta.

Ko dabino ɗaya na jefa baki a rumfar namana a kasuwar Dembe, sai kira: "Baba, me ka ci?"

Kwana tara ina haƙuri, sai na lura in babu rezo, wato sabis na waya, ba ta ganin komai. Nan na ji ni ne mai wayon N'Djamena. Na hau mashin, na tsallaka gadar Ngeli, na nausa can cikin Kusseri gidan abokina, inda layina ba ya kamawa.

Ya ce, "Alhaji, ba an hana ka ba?"

Na ce, "Zuba kawai. Nan Kamaru ce, ikonta bai iso ba."

Kofi uku na jan shayi na sha, sukari har yana kama leɓe, na bi da fanke.

Ashe wayar ajiyewa take yi. Ina tsakiyar gada a hanyar dawowa ta kama rezo, ta juye mata komai.

"Mabruk, Baba. An sha biki a ƙasar waje."

"Ziyara fa na je."

"Kalas, shi ke nan, Baba. Likita zai gani."

Ya kuwa gani: layin awon sukarina a miƙe, sai ga tudu kamar tozon sa. Ya ce hawan bai dame shi ba. Amma mutumin da zai bar ƙasa don ya ɓoye shayi, in sukarinsa ya faɗi yana azumi, shiru zai yi har ya kife. Ya ce bana babu azumi.

Har yau in na ba da labarin ana dariya, ni ma ina yi. Tun daga nan ban sake ɓoye wa yarinyar nan ko loma ba. Amma wata guda cur, in aka kira magariba kowa ya kai hannu ga ruwa, ina zaune a tsakiyarsu ba ƙishirwa, kuma kunyar wannan ba ta sake ni ba.