Inna Sa-Hannu da Fayil ɗin Mutanen Bakin Kogi

Ƙarfe bakwai da rabi take buɗe ɗakin ajiyar fayiloli, can ƙasan bene a ma'aikatar filaye, inda fanka ɗaya ke juyawa in ta ga dama. Takan share teburi, ta fere fensir biyu, sannan ta bi kantoci layi-layi tana shafa fayiloli da yatsa kamar uwa mai duba 'ya'yanta. Shekara talatin da huɗu ke nan. A gabanta gwamnati shida suka shigo da kiɗa, suka fita da akwatuna.

Ƙa'idarta ɗaya ce. Fayil ba ya fita sai mai ɗauka ya rubuta sunansa a wani jan kati, ya sa hannu, ita kuma ta soke katin a gurbin fayil ɗin. Daga nan ta samo sunan Inna Sa-Hannu. Marigayiya matata ta yi shekara tara a teburin da ke kallon nata, ƙawaye ne na ƙut da ƙut, amma ko aron fayil na minti biyar za ta yi sai ta cika katin.

Manyan littattafai kan miƙa mulki duk maganar rantsuwa suke yi da musabaha a gaban kyamara. Ba su san kwanakin da ke tsakanin zaɓe da rantsarwa ba, lokacin da kujeru ke yin ƙafa, motoci su manta hanyar ofis, takardu kuma su kama wuta da kansu.

Bara gwamnati ta sha kaye. A ɗakin Inna akwai fayil na gida ɗari biyu da sha biyu waɗanda ambaliya ta kora daga bakin kogi. An raba musu filaye, amma takardun mallaka ba su fito ba, kuma shaidar rabon tana cikin wannan fayil kaɗai. In ya ɓace, fili ya zama na wanda ya riga jibge bulo.

Wata safiya darakta mai barin gado ya sauko da kansa. Mai shara da direban ma'aikata suna wurin, su suka ba da labari.

"Inna, ina kwana? Yau ziyara na kawo miki."

"Lafiya lau, ranka ya daɗe. Shekara takwas, yau ka gano inda matakalar take."

"Fayil ɗin mutanen bakin kogi nake so. Zan ɗan duba wani abu a gida."

Ta ɗauko, ta ɗora a teburi, ta danne shi da gwiwar hannu, ta tura masa jan kati.

"Haba Inna! Ni ne fa darakta."

"Shi ya sa sunanka zai fi yin kyau a katin."

Ya rage murya. "Wata nawa ya rage miki ki yi ritaya?"

"Goma sha ɗaya, yallaɓai. Kai kuma kwana tara."

Ya ɗauki biro, ya juya shi, ya ajiye, ya fita ba fayil. A kwana taran nan ya sa aka yanke wutar ɗakinta, aka rubuta mata takardar gargaɗi kan rashin ladabi. Ta karɓa, ta huda ta, ta sa a fayil ɗinta, ta ci gaba da aiki da hasken taga.

Sai sababbi suka iso, kuma nan fayil ɗin ya fi shiga haɗari. Tsohuwar gwamnati ta buga hoton shugabanta a bangon kowane fayil, don kada ƙura ma ta manta da shi. Shugaban kwamitin karɓar mulki, da sabuwar hularsa, ya ba da umarni a tara duk takardar da ke ɗauke da wannan fuska a ƙone ranar Alhamis. A zatonsa kayan kamfen ne. Inna ta ce masa gidajen mutane ne a ciki.

"Ke ma ai 'yar tsohuwar gwamnati ce," in ji shi.

"Ɗana, ni 'yar tsofaffin gwamnatoci shida ce. In Allah ya ja kwana, taku ce ta bakwai. Fuskar kuke ƙi, ko takardun?"

Ya ce, "Fuskar."

"To ku ba ni kwana uku."

Fayil dubu ɗaya da ɗari huɗu ta kwance ɗaya bayan ɗaya, ta sa wa kowanne bango marar hoto, ta sake rubuta lambarsa da hannu, har yatsunta suka kumbura. Ranar Alhamis aka cinna wa bangaye wofi wuta a tsakar ma'aikata, ana tafi. Bangayen ma ba su fita daga ɗakinta ba sai da mai sabuwar hula ya cika jan kati.

Bayan wata huɗu mutanen bakin kogi suka karɓi takardunsu. Sabon shugaban ma'aikata ya shiga rediyo ya ce gwamnatinsu ce ta gano fayil ɗin bayan dogon bincike. Inna tana fere fensir ta ji shi. Ta gama da na farko, ta ɗauki na biyu.

Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki. Na ji an saya mata agogon bango, matar da ba ta taɓa makara ba.

Inna, ke ce igiyar da ta ɗaure gwamnatin jiya da ta yau, su kuwa ba su ma san suna ɗaure ba. Ke ce kika tsayar da mai fita, kika tsayar da mai shigowa, da kati ɗaya. Yara suna kwana yau a ɗakunan da ba za a tashe su ba, kuma ba su san sunanki ba. Mu mun sani. Mun gode, Allah ya saka miki da abin da ma'aikata ba ta da shi.

Ku kuma da ke zaune a ƙananan tebura, wani zaɓen na tafe, wani babba zai gano matakala. Ba a ce ku yi faɗa da shi ba. Ku gaishe shi da ladabi, ku danne fayil, ku tura masa katin.